Shuɗiyar Ƙofa a Bakin Titin PK8

Rabi, ke da ƙaninki Sadiku kun haɗa baki za ku mayar da ni Kano. Kun ce shekaru sun ja, ruwan saman Libreville ya cinye mini gwiwoyi, in je in huta cikin dangi. Na ji, Allah ya yi muku albarka. Amma kafin ku yanki tikiti ku zauna ku karanta wannan babi na tarihina, don akwai maganar da ta daɗe tana yawo a kasuwar Mont-Bouët, har kwanan baya na tsince ta a bakin ɗaya daga cikin jikokina, wai kakarsu ta taɓu a ƙarshen rayuwarta. Uwarku Asabe ba ta taɓu ba. Na zauna da ita tun tana amarya har na sa ta a kabari da hannuna, kuma a shekarun da aka ce ta zare, ita kaɗai ce a gidanmu ta san abin da take yi.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ba a neman gida da lamba. Babban titin da ya fita daga gari ya nufi daji da nisa ake auna shi, shi ya sa unguwarmu ba ta da wani suna sai PK8, wato kilomita takwas daga gari. Daga nan kuma sai kwatance: kusa da mai facin taya, bayan bishiyar mangwaro, gaban famfo. Mu kwatancenmu shuɗiyar ƙofa ne. Kanti a gaba, ɗakuna a baya, da rufin kwanon da in ruwa ya sauko sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Duk baƙon da ya taso daga Kano ko Damagaram ko Garwa da sunana a bakinsa, abin da ake gaya masa ke nan, ka sauka a PK8 ka nemi shuɗiyar ƙofa. Yayanku Habibu ne ya yi mata fentin. Ya je bakin ruwa wajen unguwar Glass ya roƙo ragowar fentin da masunta ke shafa wa kwale-kwale, ya wuni yana aiki, ya shafa wa ƙofa, ya shafa wa kansa, har akuyar maƙwabta sai da ta samu rabonta. Shuɗi ne mai haske irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa, kuma duk titin babu irinsa.

Kuna ƙanana ya tafi, bari in gaya muku halinsa. Yaro ne mai zuciya, mai kunya fiye da kima. Ba ya son kanti, mota yake so. In manyan motocin da ke ɗauko gungumen katako daga daji suka zo wucewa, sai ya saki ma'auni a gaban mai saye ya bi su da ido har su ɓace. Jarrabawar gama sakandare ta kayar da shi, ya sake, ta sake kayar da shi, sa'anninsa suka wuce suka bar shi. Ba wanda ya yi masa faɗa, shi ne ya kasa haɗa ido da mutane. Wata safiya ya durƙusa gabana ya ce zai bi motocin katako ya koyi tuƙi.

"Baba, ba zan dawo ba sai ina riƙe da sitiyari," in ji shi.

Na ɗauka zafin ƙuruciya ne, na sa masa albarka. Lokacin waya ba ta shiga hannun kowa da kowa ba. Da farko muna jin labarinsa a bakin direbobi, wannan ya ce ya gan shi a Ndjolé, wancan ya ce Lambaréné, daga baya wani ya ce ya ƙetara iyaka. Sai labari ya ɗauke ɗif.

Uwarku 'yar gidan da ake kunyar ɗan fari ce, irin kunyar mutanen da. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, kakarsa ce ta goya shi a Kano kafin mu taso, in kuma tana son sa sai ta ce, "Ku kira mini wancan." Ranar da zai tafi tana tsakar gida tana tankaɗe. Ya yi mata sallama, ta ce, "Allah ya kiyaye," ba ta ko ɗago kai ba. Bayan tafiyarsa ba ta tare direba ko ɗaya da tambaya ba, har matan unguwa 'yan ƙasar suka riƙa cewa zuciyar matar Alhaji dutse ce. Ni da na san al'adar, na saba da shirun nata har na daina jin sa.

Shekarar da nake son ba ku labari ta fara ne da jan fenti. Wasu samari masu hular kwano suka bi titi suna awo, duk ginin da ya shiga cikin igiyarsu sai su zana masa jan gicciye a bango. Namu ma ya samu, dab da shuɗiyar ƙofa. Aka ce za a faɗaɗa titin, a ware wa manyan bas-bas hanyarsu su kaɗai daga bayan gari har bakin ruwa. 'Yan kasuwa baƙi muka taru a harabar masallaci bayan la'asar, aka ce ana bukatar wanda zai riƙa zuwa ofishin aikin yana jiyo mana magana. Da yake Faransancina ya ɗan fi na sauran, wato ina iya yin faɗa da shi ba ciniki kaɗai ba, sai aka ɗora mini. Maƙwabcina Alhaji Bawuro, mutumin Garwa mai sayar da atamfa, tun daga ranar ya raɗa mini Minista.

Ofishin yana Glass, a bene, tagoginsa na kallon ruwa. A tsakiyar ɗakin taron akwai wani tebur mai murfin gilashi, a ƙarƙashin gilashin kuma ga garinmu an ƙera shi ɗan mitsitsi. Titi fes, bas-bas farare kamar ƙwayar shinkafa, bishiyoyin soso a jere, mutane ƙanana suna tafiya ba mai ture wani. Babu taɓo, babu hon, babu kwandastan da zai ja maka riga. Na tsaya na manta da abin da ya kawo ni. Na bi titin da yatsa ta saman gilashi har na iso PK8, na nemi gidana. A inda kantina yake sai na ga 'yar rumfar jiran mota, da wata 'yar mata guda a gefenta tana riƙe da lema. Ban san abin da ya sa ba, na daɗe ina kallon matar nan. Daga ranar garin cikin gilashi ya shiga raina. Ina auna wa mutum sukari ina ganin bishiyoyin soso, ina cikin cunkoson motoci ina ganin titin fes. Kada ku yi mini dariya. Ranar da za a haife ka, Sadiku, uwarka ta kusa haihuwa a cikin tasi a titin nan, motoci sun tsaya cak, ina gudu tsakaninsu ina roƙon a ba mu hanya, babu hanyar da za a bayar. Wanda ya ga wannan ranar yana da hakkin ya yi mafarkin titi.

Shugabar aikin wata injiniya ce, Madam Obone, doguwa, mai magana a hankali. Ita ta koya mini yadda ake girka irin wannan aiki, kuma don in fahimta sai ta sauko da shi kicin.

"Alhaji, tukunyar nan a kan duwatsu uku take," ta ce. "Akwai bankin waje da zai ba da rance, akwai kason gwamnati, akwai ɗan kwangila da injinansa. Bankin ba ya ba da kuɗi gaba ɗaya, kashi-kashi yake saki, kowane kashi da sharaɗinsa. Sharaɗin farko shi ne a biya mutane diyya, hanya ta zama fili. Wakilansu za su zo ƙarshen rani su gani da idonsu. In suka tarar da kantuna a tsaye, akwai garuruwa da yawa a layi suna jiran kuɗin nan."

Na tambaye ta mu baƙi fa, da ba mu da takardar fili. Ta ce sharaɗin bankin bai ware baƙo ba, duk wanda hanya ta taɓa za a biya shi, amma sai an rufe maganar unguwar gaba ɗaya kafin wakilan su iso. In lokaci ya wuce, rancen ya tafi, watarana za a rushe ɗin dai, kuma ranar ba wanda zai tambayi baƙo sunansa. Na dawo na juya maganar da Hausa a harabar masallaci, har da duwatsu ukun. Sai Alhaji Bawuro ya gyara zama.

"Minista, mun ji daɗin karatu," ya ce. "Amma mu mun ga jan fenti a garin nan ya tsufa a bango har ya koma ruwan ƙasa. Naka gidan ma yana da gicciye. Ka fara, mu gani. Ranar da shuɗiyar ƙofa ta faɗi, ni ne na biyu."

Kowa ya ce haka ne. Ashe maganar unguwa guda ta rataya a ƙofata.

Na samo mana gida can gaba da PK8, mai famfo a tsakar gida, na zo ina zuba wa uwarku kirarinsa. Tana tsince shinkafa, ta bar ni sai da na gaji.

"Malam, ni dai ƙofar nan ba ta tashi," ta ce.

Na ɗauka maƙwabta take jin rabuwa da su, na yi ta lallashi ta wannan ɓangaren. Na ɗauka nisan kasuwa ne, na yi alkawarin kuɗin mota. Kullum amsar ɗaya ce, ƙofar nan ba ta tashi. Har raina ya fara ɓaci, ina ganin mace mai hankali ta kafe a kan katako. Wata rana da hantsi ana yayyafi, kanti babu kowa, ta shigo ta tsaya ta ba ni baya, tana gyara gwangwanayen madarar da ba su bukatar gyara.

"In wancan ya zo fa?" ta ce.

Shekaru ke nan ba ta ambace shi ba ko da wannan kalmar. Na ce ai ba ɓata za mu yi ba, ko a masallacin Mont-Bouët ya tambaya, yaro ma zai kawo shi gida.

"Kai ka haife shi amma ba ka san shi ba," ta ce, har yanzu ba ta juyo ba. "Ba zai tambayi kowa ba. Zai sauka a tsallaken titi ya tsaya ya duba. In ya ga ƙofa, ƙafarsa za ta kawo shi. In bai gani ba, zai ce mun koma gida mun manta da shi, ya juya."

Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce tun kafin ta rufe baki. Na kwana biyu ina jujjuya abin. A hannu ɗaya ga gidaje masu yawa na mutanen da suka amince mini, da diyyar da ba za su sake samun irinta ba, da titin da na gani a gilashi. A ɗaya hannun ga yaron da ban san ko yana raye ba. Ban ɓoye mata komai ba, na gaya mata zan rushe. Har yau ban ce na yi kuskure ba, kuma ko yanzu aka mayar da ni ranar, abin da zan yi ke nan. Amma ban taɓa yanke hukuncin da ya yi mini ciwo irinsa ba. Ita kuwa ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Abu ɗaya ta roƙa, a cire mata ƙofar da katakon da ke riƙe da ita kafin a taɓa bango.

Ni na fara ɗaga guduma, jama'a na kallo. Alhaji Bawuro ya cika alkawari, ya zama na biyu, sauran suka biyo. Aka biya diyya, katafila ta zo ta share, kafin ƙarshen rani gefen titin ya zama jan fili tun daga inda ido ya fara har inda ya ƙare. Wakilan banki suka zo cikin motoci masu sanyi, suka taka, suka ɗauki hotuna, suka gyaɗa kai. Madam Obone ta nuna ni ta ce wannan ne ya fara, ɗaya daga cikinsu ya girgiza mini hannu har sai da kafaɗata ta amsa. Ranar na koma gida ina jin kamar ni na ƙera garin cikin gilashi.

Sai dutse ɗaya ya zame. Farashin man fetur ya faɗi a duniya, kason gwamnati ya makara. Bankin ya ce ba zai saki kashi na gaba ba sai ya ga na gida. Ɗan kwangila ya jira, ya jira, injinansa suna cin kuɗi a tsaye, ya kwashe su ya tafi wani aikin. Damina ta sauko kan jan filin, ya zama taɓo, taɓon ya fitar da ciyawa, ciyawar ta kai ƙugu. Titin yana nan yadda yake da cunkosonsa, sai dai yanzu babu kantuna a gefensa. Mutanen da suka bi ni sun watse, wasu ciniki bai karɓe su a sabon wuri ba. Sunan Minista da ake kira da dariya ya koma ana kiran sa da cizon haƙora. Alhaji Bawuro ya daina amsa sallamata, kuma bai sake amsawa ba har ya koma Garwa. Wannan ma yana cikin abin da na biya.

A cikin wannan halin ne uwarku ta sa aka ɗora mata ƙofar a kan amalanke, aka kai ta daidai inda take da, aka haƙa rami biyu aka kafa ta. Ƙofa ita kaɗai, babu bango, babu rufi, ciyawa gaba da baya. Kullum da safe in ta sallame ku makaranta sai ta hau ƙaramar bas ta je, da 'yar kujera da lema da farantin gyaɗa, gyaɗar da rabinta yaran hanya take ba kyauta. Tana isa sai ta buɗe ƙofar, kamar yadda ake buɗe gida da safe. In la'asar ta yi ta rufe, ta sa sakata, ta dawo ta ɗora tukunya. Wannan buɗewa da rufewa ce ta sa aka ce ta taɓu. Wata mai sayar da burodi da ta kafa tebur kusa da ita, Mama Solanj, ta tambaye ta wa take jira. Ta ce, "Ba kowa." Duk wanda ya tambaya amsar ke nan. To me kuke so ta ce? Sunan da ba ta kira a ɗakinta ba, a bakin titi za ta kira shi?

Wata rana na zo wucewa a tasi ana ruwa, na hango ta daga tsallake. Ƙofar a buɗe, ta cikinta ana ganin ciyawa tana kaɗawa da hadari can nesa, ita kuma tana tsaye a gefe da lema. Sai na tuna 'yar matar nan ta cikin gilashi. Na ce direba ya tsaya, amma ban iya sauka ba, na ce mu tafi.

Na ci gaba da leƙa ofishin Glass ko da babu abin jiyowa. Ma'aikata sun ragu, ƙura ta hau gilashin, wata bishiyar soso ta faɗi a kan titi ba wanda ya tashe ta. Madam Obone ba ta tafi ba. Kullum tana kan takardu tana sake lissafin aikin, tana rage wannan, tana ɗage wancan, don ranar da kuɗi zai dawo ya tarar da abin da zai iya ɗauka. Ita ta fara yi mini maganar ƙofar, ta ce ta gan ta a kan filin aiki, kuma a doka bai kamata ba. Na zauna na yi mata bayanin kunyar ɗan fari da Faransancina na faɗa.

"Wato ba za ta iya kiran sa ba," ta ce, "shi ya sa ta kafa abin da zai kira shi."

Na ce haka ne. Ta ce duk canjin da za a yi wa zane sai ya je bankin ya dawo, kuma ba ta san da wane suna za ta rubuta musu wannan ba. Amma ta duba taswira ta ce bayan rumfar jiran mota akwai ɗan taƙin da zane bai ce komai a kansa ba, kuma abin da zane bai hana ba ita ba za ta hana ba.

Abin da ban zata ba shi ne abin da garin ya yi da ƙofar. Kun san yadda ake hawan tasi a nan, ka leƙa ka faɗi inda za ka, in direba ya yarda ya danna hon. Da aka share kantuna, mutanen wurin suka rasa kwatance, ba mai faci, ba mangwaro, ba famfo. Abu ɗaya ne a tsaye. Sai aka fara cewa "Porte Bleue", wato shuɗiyar ƙofa da Faransanci, direba ya danna hon. Kafin shekara ta zagayo kwandastoci suna rataye a ƙofar bas suna kwarma ta tun daga Mont-Bouët. Ranar da uwarku ta fara ji, ta dawo gida ta gaya mini tana murmushi, ta ce yanzu ko makaho ne zai same mu. Ban taɓa ganin ta cikin nishaɗi irin na makon nan ba.

Ba ta ga titin ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita a wata damina, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ina zaune a gefenta ina jira ko za ta kira sunan sau ɗaya, tunda babu kowa sai ni. Ba ta kira ba. Abin da ta ce shi ne, "Malam, kada a bar ta a rufe." Daga baya kuɗin ya dawo, ba duka ba. Aka yi titin, bai kai faɗin na gilashi ba, bishiyoyin ma ba a dasa rabinsu ba, amma bas-bas suka zo, kuma mai naƙuda tana isa asibiti. Aka gina rumfar daidai inda kantina yake. Ma'aikata suka matsar da ƙofar bayanta suka zuba mata siminti a gindi, bisa umarnin Madam Obone. Na ba Mama Solanj amanar buɗewa da rufewa, ni kuma ina zuwa ranar Juma'a. Rana da ruwa suka yi ta cin fentin har ya koma toka-toka, kullum ina cewa zan sa a sake, ban sa ba, don a raina ba na son hannun wani ya hau kan nasa.

Bara, wata Juma'a, na sauko daga bas na ga ƙofar tana sheƙi. Shuɗi mai haske, irin na kwale-kwale. Na ɗauka kai ne, Sadiku, har na fara shirya faɗan da zan yi maka. Mama Solanj ta taso ta kama hannuna ta zaunar da ni a bencinta.

"Papa, wani mutum ne," ta ce. "Da furfura a gemunsa. Babbar motar katako ya faka a tsallake, lambarta ba ta ƙasar nan ba ce, kuma ta ɓangaren direba ya sauko. Ya daɗe a tsaye yana kallo kafin ya ƙetaro. Ya tambaye ni wa ya kafa ƙofa a nan. Na ce wata mama ce, kullum ta buɗe da safe ta rufe da yamma, shekara da shekaru, har ta rasu. Ya ce wa take jira? Na ce mun tambaye ta mun gaji, cewa take ba kowa."

"Sai ya ce me?" na tambaya.

"Sai ya yi dariya. Daga nan ya dafa ƙofar ya yi ta kuka kamar yaro, har masu jiran mota suka matsa. Na ce masa mijinta yana zuwa ranar Juma'a. Ya ce tukuna. Washegari ya dawo da gwangwanin fenti."

Ba ta ba ni sunansa ba, ban kuma tambaya ba. Wa ke cikin garin nan da zai ji "ba kowa" ya san shi ake nufi?

To kun ji dalilin da ba zan koma Kano ba. Yanzu ba Juma'a kaɗai nake zuwa ba, kullum nake zuwa, ni nake buɗewa, ni nake rufewa, a kan kujerar uwarku nake zama da lemarta. In kun ji an ce tsohon ma ya bi sahun matarsa, kada ku yi musu da kowa. Sadiku, ka ce ƙofar ta yi muni haka, za ka zo ka ƙarasa fentin. Kada ka taɓa ta. Fuskar da ke kallon titi kaɗai ya shafa, ta ciki tana nan da tsohon fentinta. Gwangwanin yana ƙarƙashin teburin Mama Solanj da sauran fenti a ciki, an danne murfinsa da kyau, burushin kuma ya nannaɗe shi a leda ya ɗaure bakin don kada ya bushe. Ku bar masa aikinsa, bai gama ba.